Zuwa Cape Canaveral Kallon Tashin Roka a Ƙarshen Hunturu: Yadda Muka Bi Daga Abuja

Duk wanda ya yi niyyar barin Abuja ya je gaɓar tekun Filorida don ya ga tashin roka da idonsa, ya fara sa wa ransa cewa ranar da ya gani a jadawali ba alkawari ba ce. A gaban yawancin ranakun za ka ga haruffa uku, NET, wato ba za a harba kafin wannan rana ba. Bayanta kuwa sai yadda hali ya yi. Saboda haka mako guda ake ware wa tafiyar, kuma a tsara ta yadda ranar da aka sa ran harbawa za ta faɗo a farkon makon, a bar kwana huɗu ko biyar a bayanta. A kan wannan muka gina tafiyarmu ta tsakanin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris, kuma duk sauran shirin, daga otal har inda za a ajiye mota, daga nan ya samo asali.

Wurin yana gabashin jihar Filorida, a gundumar Brevard, kuma gida biyu ne maƙwabtan juna: Cibiyar Kennedy ta hukumar NASA a tsibirin Merritt, da sansanin rundunar sararin samaniya ta Amurka a Cape Canaveral, ruwan Banana River ya raba su. Tun ranar 24 ga Yuli 1950 ake harba roka daga nan. Teku ne shimfiɗe a gabas, duk abin da ya faɗo daga roka a ruwa zai faɗa. Sannan duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma a daidai wannan wuri, digiri 28 da rabi arewa da tsakiyar duniya, ƙasa tana tafiya da gudun kusan kilomita 1,470 a awa. Rokar da ta nufi gabas ta samu wannan kyauta daga cikin kusan kilomita 28,000 a awa da take buƙata kafin ta zauna a falaki. Mu a Abuja, a digiri 9, mun fi su wannan gudun, namu ya kai kusan 1,650, sai dai gabashinmu garuruwan mutane ne har Kamaru da Chadi. Yawan harbawar ne ya sa tafiyar ta zama mai yiwuwa yanzu: 72 aka yi a 2023, aka yi 93 a 2024, mafi yawansu rokar Falcon 9 ce ta kamfanin SpaceX ɗauke da taurarin Starlink, intanet ɗin nan da ya shigo Najeriya a Janairun 2023. Wanda ya zauna mako guda da wuya ya dawo bai ga ko ɗaya ba.

Biza ce matakin farko, kuma ita ce ta fi sauyawa. Ana cike takardar DS-160 a intanet, a biya kuɗin nema, dala 185 lokacin da muka yi, waɗanda ba a mayarwa ko an hana ka, sannan a nemi ranar hira a ofishin jakadancin Amurka da ke Diplomatic Drive a tsakiyar Abuja. Ba a shiga da waya. Ranar hira takan yi nisa da watanni, don haka kada a sayi tikitin jirgi kafin fasfo ya dawo hannu. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata uku kacal, wanda ke nufin bizar da aka buga a Oktoba ta mutu kafin Fabrairu. A ƙarshen shekarar kuma aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara. Kafin ka kashe ko sisi, ka buɗe shafin ofishin jakadancin ka karanta matsayin da ake ciki a ranar, kada ka dogara da maganar dillalin biza. Wanda ke da biza mai rai, ko yake zaune a can yana karatu ko aiki, shi ne hanyar ta fi buɗe wa.

Filin jirgin da ake nufa shi ne na Orlando, mai lambar MCO. Babu jirgin da ke tashi daga Abuja kai tsaye zuwa Amurka. Ko dai a bi ta Landan, Farankfot, Paris, Istanbul ko Doha, ko a gangara Legas a hau mai zuwa Atlanta. Mai bi ta Landan ya duba tikitinsa da kyau: jirgin Abuja yawanci a Heathrow yake sauka, na Orlando kuwa sau da yawa daga Gatwick yake tashi, kuma sauya filin jirgi yana nufin shiga ƙasar Ingila, wanda dokarsa daban take da ta wanda ya zauna cikin filin jirgi ɗaya. A filin farko da ka sauka a Amurka ake duba fasfo, ka ɗauki jakarka ka sake miƙa ta, don haka a bar aƙalla awa uku tsakanin jirage. Kilishi da dambun nama da duk wani nama a bar su a gida, kwastan ba sa bari a shiga da su, kuma ɓoyewa tara take jawowa. Duk abincin da ke jaka a faɗa. Kuɗin hannu idan sun haura dala 10,000 dole a bayyana.

Mota dole ce. Ana yawan harbawa da tsakar dare ko da asuba, a wuraren da motar haya ba ta zuwa, kuma bayan an harba samun Uber aiki ne. Kamfanonin hayar mota suna cikin filin jirgin, suna son lasin tuƙi mai rai, kuma ya kyautu a haɗa da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Inda mutanenmu suka fi maƙalewa shi ne kati: da yawa suna neman katin kiredit mai sunan direban don su riƙe kuɗin jingina, katin naira kuwa yakan ƙi. A tambaya a rubuce kafin a tashi wane kati suke karɓa. Daga filin jirgi hanya mai lamba 528 ce ke kai mutum bakin teku, kimanin kilomita 75, ƙasa da awa guda, kuma akwai tolget a kanta. A tambayi kamfanin yadda suke caje shi, don wasu suna ƙara kuɗin kullum a kai. Hannun tuƙi irin namu ne. Alamar tsayawa tana nufin tayoyi su tsaya cak ko babu kowa, motar makaranta mai ruwan ɗorawa idan ta fito da jar alama kowa tsayawa yake, kuma idan ɗan sanda ya tsayar da kai, zama ake yi cikin mota hannu a kan sitiyari, ba a fitowa a je gaishe shi.

Masauki ya rabu biyu. Garin Titusville yana yamma, yana kallon dandamalan harbawa ta tsallaken ruwan Indian River, ya fi araha kuma ya fi natsuwa. Cocoa Beach da garin Cape Canaveral suna kudu, a bakin teku, sun fi tsada da hayaniya. Lokacin nan ne kasuwar otal ke ci: tsofaffin arewacin Amurka da Kanada suna gudo wa ƙanƙara, ana tseren motoci na Daytona 500 a tsakiyar Fabrairu, taron masu babura na Daytona a farkon Maris, ga hutun ɗalibai a Maris. A kama ɗaki da wuri, kuma a zaɓi wanda za a iya sokewa ko ƙara kwana ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Ni Titusville nake ba da shawara, zan faɗi dalili a gaba. Wutarsu bolt 120 ce, bakin soket ɗinsu ba irin namu ba, a tafi da abin sauya baki.

Yanzu ga maganar yanayi, wadda ita ce ke yanke hukuncin komai. Da bazara Filorida tana fama da hadari da tsawa kusan kowace yamma, daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin mahaukaciyar guguwa ne. Ƙarshen hunturu ya tsira daga waɗannan, sama takan yi tas, sauro ya yi sauƙi, rana tana kai digiri 22 ko 23, dare ya sauka wajen 11 ko 12. Amma yana da nasa halin. Iska mai sanyi tana gangarowa daga arewa zubi-zubi, kuma kowane zubi tafiya ɗaya yake yi: kafin ya iso za a ji ɗumi da laima, iska daga kudu, sai layin gajimare da ruwa ya ratsa na 'yan awoyi, bayansa iska ta juya ta taso daga arewa maso yamma, sama ta washe, sanyi ya sauko har digiri 5 ko ƙasa da haka da asuba. Wanda ya san asubar Jos a watan Janairu ya san abin da zai saka, sai dai ya ƙara da cewa nan a bakin ruwa zai tsaya, iska tana dukansa awa guda ko biyu. Rigar sanyi mai tare iska, hula, safa, bargo ƙarami ga yara da Hajiya, da shayi a filas.

Sashen hasashen yanayi na rundunar, wanda ake kira 45th Weather Squadron, yana fitar da takarda ɗaya 'yan kwanaki kafin kowace harbawa, kyauta a intanet. A ciki akwai kaso cikin ɗari na yiwuwar yanayi ya karya ƙa'ida. Mutane suna ganin an ce kashi 90 lafiya sai su saki jiki, alhali a ƙasan takardar akwai wasu layuka da ba a sa su cikin wannan lissafin ba, kuma su ne ke cizo a wannan lokaci na shekara. Na farko iskar can sama ce. Da hunturu kogin iskar da ke gudu a tsayin kilomita 10 zuwa 12 yana matsowa kudu ya yi ƙarfi, kuma a daidai wannan tsayin ne roka ke shan matsin iska mafi tsanani. Falcon 9 tsawonta mita 70, kaurinta mita 3.7 kawai, idan gudun iska ya sauya farat ɗaya tsakanin wani tsayi da na samansa, yana iya lanƙwasa ta. Ana auna wannan da balan-balan da ake saki kafin harbawa, shi ya sa za ka ga sama garau, taurari a fili, a ce an fasa. Na biyu shi ne halin teku a inda ɓangaren farko na rokar, wanda ke rabuwa ya dawo ƙasa bayan ya gama aikinsa, zai sauka a kan jirgin ruwa, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Zubin sanyin da ya share maka sama shi ne ke tayar da igiyar ruwa a can. Wannan ne ma ya sa da hunturu SpaceX kan karkata harba Starlink zuwa kudu maso gabas, wajen Bahamas, inda ruwa ya fi kwanciya.

Gajimare ma ba don kallo ake gudunsa ba. Roka da dogon hayaƙinta suna iya jawo tsawa daga gajimaren da shi kaɗai ba zai yi walƙiya ba. Tsawa ta faɗa wa Apollo 12 sau biyu jim kaɗan bayan tashi a Nuwamban 1969, Allah ya kiyaye mutanen ciki, a Maris 1987 kuma aka yi asarar rokar Atlas-Centaur ta wannan hanya. Daga nan aka tsaurara ƙa'idoji, ciki har da hana ratsa gajimaren da kaurinsa ya kai kusan mita 1,400 idan ya shiga inda ruwa ke daskarewa. Sanyin kansa ya taɓa yin ɓarna mafi muni: safiyar 28 ga Janairu 1986 robar da ke toshe mahaɗin rokar Challenger ta sandare, mutum bakwai suka rasu. Wanda ya san wannan tarihin ba zai ji haushin ɗagewa ba. Kuma ba yau aka fara ba: an yi ta ɗage tafiyar ɗan sama jannati John Glenn tun daga Janairu kafin ya tashi ranar 20 ga Fabrairu 1962 ya zagaya duniya sau uku, tafiyar da tashar NASA ta Kano na cikin waɗanda suka bi sawunta. Ban da yanayi, bawul yakan maƙale, na'urar awo ta nuna abin da bai dace ba kwamfuta ta tsayar da ƙirga, ko wani kwale-kwale ya kutsa cikin ruwan da aka killace.

Kafin ka zaɓi inda za ka tsaya, amsa tambayoyi uku daga manhaja irin Next Spaceflight ko shafin Spaceflight Now. Daga wane dandamali? Ina ɓangaren farko zai sauka? Tazarar lokacin nawa ce? Harba Starlink yakan samu tazarar kusan awa huɗu, ana iya matsar da shi gaba a cikin daren. Mai zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuwa daƙiƙa ɗaya gare shi, idan ta wuce sai wata rana.

Dandamali 39A da 39B su ne a arewa, cikin Cibiyar Kennedy. Daga 39A Apollo 11 ya tashi ranar 16 ga Yuli 1969, daga nan kuma ƙaramin tauraron Nigeria EduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure ya tashi a Yunin 2017. Dandamali 41 da 40 suna ɗan kudu da su, 40 ne ya fi kowanne aiki. 36 na rokar New Glenn yana can kudu sosai. Wuri mafi kusa da na arewan da kowa zai iya shiga shi ne gaɓar Playalinda, kimanin kilomita 6 daga 39A. Ana biyan kuɗin shiga kowace mota, da hunturu ana buɗewa ƙarfe 6 na safe a rufe 6 na yamma, ana tsayar da shiga idan ya cika, wasu lokutan ma rufe shi ake yi gaba ɗaya. Babu shago, babu ruwan sha, sabis ɗin waya yana yankewa. A tsaya a wuraren ajiye mota na farko-farko, su suka fi kusa da rokar, kuma mai iyali ya nisanci na can ƙarshe, lamba 13, don an san shi da masu zama tsirara. A Titusville akwai Space View Park, da gadar Max Brewer da ake hawa da ƙafa, da ƙananan wuraren shaƙatawa a gefen hanyar US-1, duk kyauta, kimanin kilomita 19 zuwa 20 daga dandamalan, babu abin da ya tare ido sai ruwa. Don harbawar dare nan ne zaɓina. Jetty Park a bakin tashar jiragen ruwa ta Port Canaveral ya dace da dandamalan kudu da kuma saukar ɓangaren farko a tudu. Lokacin da muka je filayen saukar suna kimanin kilomita 10 daga nan. Ana sayen takardar shiga ta intanet tun kafin a je. Daga Cocoa Beach ba a ganin rokar a ƙasa, sai ta ɗan ɗaga, amma idan kudu maso gabas ta nufa za ta daɗe a gabanka.

Ga dalilin fifita Titusville. Falcon 9 tana shan tataccen kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa, har wajen digiri 207 ƙasa da sifiri don ta ƙara cunkusuwa a tanki. Irin wannan ba ya jira, yana ɗumama. Shi ya sa sai saura minti 38 shugaban harbawa ke ba da izini, a fara ɗura mai ana saura minti 35. Kafin wannan lokaci ana iya matsar da agogo yadda aka ga dama. Da zarar an fara ɗurawa, ko dai a tashi a kan lokaci ko a fasa na ranar. Wanda otal ɗinsa ke minti goma daga bakin ruwa yana iya zama a ɗaki cikin ɗumi har ya ga sanarwar an fara ɗura mai, sannan ya fita. Wannan dabara ta harbawar yau da kullum ce. Idan 'yan sama jannati ne za su tashi, ko babbar rokar Falcon Heavy, ko rokar shirin Artemis na zuwa wata, awa uku zuwa huɗu kafin lokaci ya kamata a riga an samu wuri, wani lokaci fiye.

A bakin ruwan, da madubin hangen nesa mai lamba 7x50 ko 10x50, za ka ga rokar fara fat cikin fitilu. Wajen saura minti 20 farin tururi mai yawa zai fito daga hasumiyar, alamar komai na tafiya daidai. Saura minti 7 ake fara sanyaya injuna, saura minti 1 kwamfutar rokar ta karɓi ragama, saura daƙiƙa 3 injuna tara su kama. Kada ka bi ƙirgar da ke wayarka, hoton intanet yana baya da daƙiƙu masu yawa. Mun ga mutane sun duƙufa kan waya ana cewa saura ashirin alhali gabas ta riga ta haske. Da saura minti ɗaya a ɗaga kai.

Haske ne ke fara zuwa, shiru babu ƙara ko kaɗan. Da dare ruwan gaba ɗaya yakan koma ruwan lemo, kuma hasken wutar ya fi duk abin da kyamara ke nunawa, har ido yana ƙanƙancewa. Rokar tana ɗagawa a hankali da farko, sannan ta fara kwantawa wajen teku. Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka a Playalinda zai iso bayan kusan daƙiƙa 18, a Titusville sai an yi kusan minti guda, lokacin rokar ta yi nisa a sama. Yana farawa da gurnani, ya koma tsattsagewa da ake ji a ƙirji. Ƙarfinsa ya danganta da iska: washegarin zubin sanyi, da iska ke busawa daga tudu zuwa teku, mutanen Titusville kaɗan suke ji. Bayan minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ta ratsa inda matsin iska ya fi tsanani. Wajen minti biyu da rabi wutar za ta ɗauke ɗif, kada gabanka ya faɗi, ɓangaren farko ne ya gama aikinsa ya rabu. Bayan 'yan daƙiƙu ƙaramin haske zai bayyana, injin ɓangare na biyu ke nan. Idan a tudu za a sauka, kada a tashi: wajen minti shida za a ga wuta ta kama can sama, sannan wajen minti takwas ɓangaren ya gangaro da gudu, ya kunna inji, ya buɗe ƙafafu huɗu ya tsaya. Bayan ya riga ya sauka ne tsawarsa ke isowa, bugu biyu ko uku a jere, saboda ya dawo da gudun da ya wuce na sauti. A gaya wa yara tun kafin lokacin. An fara wannan saukar a nan a Disambar 2015, kuma a ganina idan jadawali ya ba ka zaɓi, harbawa mai sauka a tudu ta fi sauran nesa ba kusa ba.

Mafi kyawun lokaci shi ne rabin awa zuwa awa guda kafin fitowar rana ko bayan faɗuwarta. Ƙasa tana cikin duhu, amma rokar ta hau inda rana ke haskawa, hayaƙinta ya bazu ya yi faɗi, fari da shuɗi, ya cika gefen sama. Batun hoto kuwa, wayar hannu da dare ɗigon fari kawai take kamawa sai an rage haskenta da hannu an kafa ta a kan abu. Shawarata ga mai gani na farko ita ce waya ta zauna a aljihu. Jirgi maras matuƙi haramun ne a yankin gaba ɗaya.

Ranar da aka ɗage ba ta tafi a banza ba, ita ce ranar zuwa wurin baƙi na Cibiyar Kennedy. Ana buɗewa ƙarfe 9, tikitin babba ya haura dala 70, kuɗin ajiye mota daban. Da shiga a wuce layin bas kai tsaye, don motocin suna daina tashi tun kafin a rufe, layin kuma yana tsawo da rana. Bas ɗin yana ratsawa ta gefen ginin da ake harhaɗa rokoki, mai tsayin mita 160, ya sauke mutane inda aka kwantar da rokar Saturn V ta gaske, irin wadda ta kai mutane wata, mita 110, kana tafiya a ƙarƙashinta, akwai kuma ɗan dutsen wata da ake bari a taɓa. Filin da ke bayan wannan gini yana kallon dandamalan ta tsallaken ruwa, kuma idan harbawa ta faɗo cikin lokacin aiki yana daga cikin wurare mafi kusa, wani lokaci da tikiti na daban. Bayan an dawo sai kumbon Atlantis, wanda ya yi tafiya 33 kafin a ajiye shi a 2011, an rataye shi a karkace da ƙofofin kayansa a buɗe, tabon zafi na nan a jikinsa. Wuni guda cur wurin yake ci. Dattawan da ke tuna zamanin Tafawa Balewa za su so sanin cewa tauraron Syncom 2, wanda Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista ta kansa a Agustan 1963, daga Cape Canaveral aka harba shi wata guda kafin nan.

Yawancin filin da ke kewaye da dandamalan gandun namun daji ne, kuma hunturu ne lokacin tsuntsayen da ke ƙaura. Hanyar Black Point mai kilomita 11 da mota ake zagaya ta. Kadoji suna shan hantsi a bakin ruwa, a kalle su daga nesa, ba a ba su abinci. A mashigin Haulover akan ga ayu, ɗan'uwan wanda ke kogin Binuwai, musamman ranar da ruwa ya ɗan yi ɗumi. Tekun kuwa da sanyi a wannan lokaci, kuma yana da igiyar da ke jan mutum ciki. Wanda bai iya ruwa sosai ba ya tsaya iya gwiwa, a inda akwai masu ceto. Kwana biyu ko uku bayan harbawa mai sauka a teku, ana jawo jirgin ruwan ya shigo Port Canaveral da ɓangaren farko tsaye a kansa, baƙi ƙirin da hayaƙi, kuma daga Jetty Park yana wucewa dab da mutum.

Alƙibla daga Filorida arewa maso gabas take, a tabbatar da manhaja. Akwai masallacin Juma'a a Melbourne, kudu da Cocoa Beach, da wasu da dama a Orlando, inda kuma aka fi samun shagunan naman halal. A yi sayayya a can kafin a gangaro bakin teku, a nemi ɗaki mai wurin girki. A gaɓar kifi da jatan lande ne mafita, a tambaya ko an sa giya ko naman alade a miyar. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai wannan lokaci, a 2025 ya kama a farkon Maris, kowace shekara kuma yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Wunin bai cika tsawo ba, babu zafi, kuma harbawar asuba tana haɗuwa da sahur, sai a fita da abinci a mota.

Bayan harbawa kowa lokaci ɗaya yake tashi, gadojin kuma 'yan kaɗan ne. Tun da farko a juya motar ta fuskanci hanyar fita, a cika tanki, sannan a zauna rabin awa a bar cunkoson ya ragu. Bayan babbar harbawa hanyar 528 takan tsaya awoyi, don haka kada a sa jirgin komawa a wannan rana. A kula da agogo kuma: a Fabrairu Najeriya tana gaban Filorida da awa shida, amma ranar Lahadi ta biyu a Maris suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, tazarar ta koma biyar. Waya tana gyara kanta, agogon hannu da na wasu motoci ba sa yi. Jadawalin harbawa yakan zo da lokacin duniya na UTC a gefe, wanda ba ya sauyawa. A ƙara masa awa ɗaya a samu lokacin Abuja don sanar da mutanen gida, a cire biyar kafin sauyin agogo ko huɗu bayansa a samu lokacin Filorida.